Mutumin da Ya San Mu ta Ƙafa

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi a rumfarsa ta bakin titi, basilla a hannu, tabarau a kan hanci. Shekara arba'in Baba Mai Takalma yana duban mutane daga idon sawu zuwa ƙasa. Yakan ce fuska ta iya ƙarya, amma dunduniya ba ta iya ba.

Sai da ya haura sittin, bayan rasuwar matarsa, ya soma zane, da fensirin da yake auna tafin ƙafa, a bayan kwali. Fuska ta gagare shi. 'Yarsa ta ce duk wanda ya zana kamar mai ciwon haƙori yake. Ya yi dariya, ya koma inda ya fi ƙarfi.

Da fasto ya ba shi bangon majami'a ya yi zane, sai ya zana Yesu yana wanke ƙafafun almajiransa. Babu fuska ko ɗaya: hannu biyu, daro, tawul, da jerin ƙafafu. Ran Lahadi wuri ya ɗauki murna. Ungozoma ta gane fason dunduniyarta, direba ya ga yatsansa da ya karkace. Can wani ya tuna cewa cikin sha biyun nan akwai Yahuza maci amana. Kowa ya shiga satar kallon ƙafar maƙwabcinsa. Dattawa suka ce ko dai ya faɗi wanda ya mayar Yahuza, ko a shafe bangon.

Baba bai yi musu ba. Ya ce Yahuza shi ne wanda ƙafarsa ke cikin daron. Sannan ya cire takalminsa, ya miƙa tasa. Tabon da ke zanen ne, farcen nan ne.

"Taku, takalmanta kawai na sani," in ji shi. "Tawa ce na san duk inda ta taka. Kuma ku duba, ita ma Yesu bai tsallake ta ba."

Har yau bangon yana nan.

Baba, kai ne ka durƙusa a gabanmu shekara arba'in, ba mu gane wa'azi kake yi ba sai da ka sa masa launi. Mun gode, Baba, Ubangiji ya ƙara wa idonka haske. Mu kuma, in aka tashi neman mai laifi a cikinmu, mu yi koyi da kai: kowa ya fara cire nasa takalmin.