Tafiyar Pa Lamduan Halwa a Arewa

Pa Lamduan yayar mahaifiyata ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa masu halwa abinci a gidan 'yan zuhudun addinin Buddha da ke dajin bayan ƙauyenmu, amma ita ko yini guda ba ta taɓa zaman halwar ba. Baƙi kan zo daga Bankok, wasu daga ƙasashen Turawa, su sa fararen kaya, su kwana goma ba su ce uffan ba. Ita kuwa tana madafa tana dakan ɗanyar gwanda da barkono, bakinta na tafiya daidai da taɓarya.

Duk sanda Luang Pho, babban ɗan zuhudunmu, ya ce ta zo ta zauna, sai ta haɗa tafukanta ta rusuna, ta ce, "Luang Pho, in kowa ya rufe ido yana bin numfashinsa, wa zai turara shinkafa?"

Mijinta, Lung Khamsing, manomi ne marar magana. Da yamma yakan zauna kusa da ita a gindin tsamiya, tana zuba yana gyaɗa kai. Takan ce, "Ni kam gungume na aura." Shi ko sai ya yi murmushi ya miƙa mata ruwa.

Ya rasu da damina, ana gama dashe. Ba wanda ya ga hawayenta, sai ma surutun da ya ƙaru. Bayan sadakar kwana ɗari ta kira ni, ta ce in shirya, zan raka ta halwa can duwatsun arewa, tafiyar yini da rabi.

Na ce, "Pa, ga halwa a bayan gidanki."

"A nan ina rufe ido wata za ta leƙo ta ce ina aka ajiye gishiri. Inda ba a san ni ba nake so."

Maƙwabciyarta Yai Thongbai ta yi dariya har da riƙe ciki. "Lamduan, ke? Kwana goma? Ke da ko a barci kike ba da labari!"

"Ke dai kula min da kaji, tsohuwar banza. Na ƙirga su."

Wurin ɗan ƙarami ne, bukkoki na gora a gefen tsauni. Aka karɓe wayoyinmu, aka nuna wa kowa tabarmarsa. Ta Pa tana kusa da ta wata doguwar Baturiya da sauro ya mayar da hannuwanta jajur. Kwana biyun farko Pa ta sha wuya. Gwiwarta ta kumbura, leɓɓanta na motsi su kaɗai. Da aka zuba mana shinkafar da ta caɓe, ta ɗago ta harare ni kamar ni na dafa.

A rana ta uku muka tarar Baturiyar ta ajiye matashinta a kan tabarmar Pa, ita ta zauna a ƙasa. Pa ta dube ta, ta tura matashin ƙarƙashin gwiwa. Da aka kaɗa ƙararrawar hutu ta zaro 'yar kwalbar man zafinta, ta kamo hannun matar ba neman izini, ta bi cizon sauron ɗaya bayan ɗaya tana shafawa.

A rana ta shida, muna tafiyar sannu-sannu da ake sa masu halwa su yi a bakin shinge, na ga Pa ta tsaya cak. Can ƙasa wani tsoho ne zaune a kan kunyar gona, ɓaunarsa na kiwo, ba abin da yake yi sai kallon shinkafarsa. Kafaɗun Pa suka soma rawa. Na yunƙura zan je, amma Baturiyar ta riga ni. Ba ta taɓa ta ba, ta dai tsaya a gefenta. Suka daɗe a haka, Pa na kuka ba sauti, har rana ta bar kan shingen.

Ranar ƙarshe da aka ba mu izinin magana, wuri ya cika da hayaniya. Baturiyar ta nuna ƙirjinta ta ce, "Halina." Pa ta nuna nata ta ce, "Lamduan." Iyakar hirarsu ke nan. Pa ta cusa mata kwalbar man a aljihu.

Sai da motarmu ta sauko daga tsauni ta yi magana.

"Shekara arba'in da uku mijin nan nawa yana zama kusa da ni, ina cewa ba shi da abin faɗi. Ban taɓa yin shiru na ji yadda zaman yake ba. Da daɗi, 'yar nan. Ashe daɗi yake ji."

Ta share ido da gefen gyalenta, ta ɗora kai a kafaɗata.

Da muka iso mararrabar ƙauyenmu ta ce wa direba ya sauke mu tun kafin tasha. Ta miƙo min jakarta, ta tattare zani, ta ɗingisa ta shiga gonarsu. Shinkafar da Lung Khamsing ya dasa ta nuna, ta yi rawaya har bakin rafi. Ta murza zangarniya ɗaya a tafinta, ta sa ƙwaya a haƙori.

"Jibi za mu yanka," in ji ta. "Je ki faɗa wa mutane."