Sawun Dodo a Bakin Rafi

Samari, wanda bai yarda ba ya je High Point Road ya tambayi Malam Ilu, yana nan da ransa da ƙafafunsa.

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa zama foman ba. Lokacin ina wani kamfanin saran itatuwa a nan Greensboro ta Amurka. Oganmu Bature ne, mutumin kirki, sai dai ya rantse akwai wani ƙaton gwaggon biri a duwatsun yamma mai tafiya da ƙafa biyu, wai Bigfoot. Wata Asabar ya loda mu a fikof, ni da Malam Ilu, mutumin Maradi. Ya ce duk wanda ya fara ganin alama, shi ne sabon foman. Foman kuwa ba ya hawa bishiya, yana ƙasa yana nuni da yatsa. Ni ko tsani na taka sai na hau salati.

Muna isa muka rarrabu. Can bayan azahar na gangara rafi, sai ga sawu a taɓo. Yatsu biyar, faɗinsa wallahi kamar tiren shinkafar suna! Na ruga na kira Oga. Don aiki ya yi kyau na ƙara da cewa na ji gurnani, ga wari kamar bunsuru goma.

Abin da ƙa'idarsa, ashe. Ya auna da tef, ya ɗauki hoto, ya dama farar ƙasa ya zuba a sawun ta daskare. Ya kama hannuna: "Sani, daga Litinin kai ne foman."

La'asar ta yi, Malam Ilu ya ɓullo. Ya cire takalmin but, ya tsuguna ya yi alwala, ya tako ba takalmi. Daidai gefen sawun da na gano ya dangwala wani. Oga ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sake jawo tef. Ko inci babu bambanci.

Daga ranar na gane, a aikin nan ka fara duba ƙafar abokin aikinka kafin ka buɗe baki. Litinin ina ƙololuwar bishiya ina salati.

A fikof dai, muna komawa gida ran Asabar ɗin, na ce, "Haba Malam, da ka rufa min asiri."

Ya ce, "Da ka zo mun yi azahar tare, ai da ka ga dodon naka yana alwala."