Bakin Fiffiken Jirgin Yunusu

Kafin yaƙi, duk wanda ke son ƙofa ko kwale-kwale a unguwar Sabangali ta N'Djamena wurin Yunusu kafinta yake zuwa. Kakanninsa fatake ne da suka zauna a garin tun ana kiransa Fort-Lamy, amma shi bai gaji awo ba, gizago ya ɗauka. Shekara talatin babu wanda ya taɓa gyara masa aiki.

A 1980 faɗa ya raba N'Djamena biyu. Rabin unguwa ta haye kogi zuwa Kusiri, aiki ya tsaya. Waɗanda suka rage, in harbi ya lafa da la'asar, sukan zauna kan yashin kogin Shari. A nan ne Lukumanu, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda a da yake wankin jirage a filin jirgin sama, ya zo da ɗan jirgin sama da ya sassaƙa da itacen nan mara nauyi na masuntan tafkin Chadi. Ya cilla shi, abin ya yi ta shawagi har bakin ruwa. Dattawa suka miƙe tsaye suna kallo, wani ma ya ce masa usta, wato gwanin sana'a, sunan da Yunusu kaɗai ake kira da shi a unguwar.

Kwana uku Yunusu ya yi yana sassaƙa nasa. Samfefa ta ƙare a gari, sai ya manna yashin kogi a jikin tsumma. Ya goge bakin fiffiken na gaba har ya yi kaifi, don a saninsa abin da zai keta ruwa ko iska dole ya yi tsini kamar hancin kwale-kwale. Jirgin ya fi na Lukumanu kyau nesa ba kusa ba. Da ya cilla shi sai ya ɗaga kai, ya tsaya cak, ya kifo a yashi. Na biyu ma haka, na uku ma.

"Malam," in ji matarsa Hansai tana tsince shinkafa, "jiragen nan naka sun fi ka yawan sujada. Ka leƙa ka tambayi mutumin mana."

"In tambayi mai wanki sassaƙa?"

Bai tambaya ba. Wata la'asar dai ya karɓi jirgin Lukumanu wai zai nuna wa mutane inda aka ɓata katako. Yana cikin kushewa babban yatsansa ya bi bakin fiffiken. Ba kaifi ko kaɗan, dunƙule yake kamar bayan cokali, can baya ne ya sirance. Ya miƙa masa, ya tashi ba sallama.

Washegari ya sa sakata a ƙofa, ya sassaƙa sabo. Ya riƙa murza bakin a hankali yana zagaye shi, ransa na suya. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗan tura shi don gwaji. Jirgin ya tashi sumul, ya haye igiyar shanya, ya haye katanga.

Ba a jima ba Lukumanu ya yi sallama, jirgin a hannunsa, yatsansa na shafa bakin fiffiken.

"Baba Yunusu, baƙo ya sauka a gidana. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Ashe ka gano..."

"Ba nawa ba ne."

Lukumanu ya dubi ɓarɓashin itace a gaban rigar dattijon. "To na wa?"

"Ka tambayi inda ya fito."

Da yamma Lukumanu ya kai jirgin bakin kogi, ya faɗa wa kowa aikin Baba Yunusu ne. Aka ɗauka kara ce yake yi wa dattijo, tunda an ga yadda nasa ke ƙarewa. Jirgin ya wuce duk inda wani ya taɓa kaiwa, aka yi ta sa wa Lukumanu albarka. Yunusu na zaune a gefe, aka ce me ya gani.

"Wutsiyar ta karkace," ya ce.

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ya koma kan ƙofofinsa bayan an dawo daga gudun hijira, bai sake yin jirgi ba.