Maeng Bokhui, Mai Ɗaga Eriya Idan Ruwa Ya Cika

Da sassafe, kafin jirgin fasinja ya iso tsibirinmu na Dolmido, Maeng Bokhui takan buɗe shagonta na bakin gaɓa, ta zauna a kan akwatin kifi da aka kifa, ta jawo rediyon jirgin wani masunci ta kwance bayansa. Gishiri ne ke kashe na'ura a tsibirinmu. Yakan shiga ta inda ido ba ya gani, ya yi kore a kan waya, ita kuma ta bi shi da tsohon buroshin haƙori tana kankarewa. Na taɓa ganin ta ciro wata 'yar kaguwa busasshiya daga cikin wata rediyo, ba wanda ya san ta inda ta shiga, ko abin da ta je saurare. Sana'ar mijinta ce. Da ya rasu ba wanda ya ce mata ta gada, mutane kawai suka ci gaba da ajiye kayansu a ƙofa, ita kuma ta ci gaba da buɗewa.

A wata mai kamawa za ta bar tsibirin, ta koma wurin 'yarta Yeonju a birnin Daejeon. Kowa zai tuna ta da rediyo. Ni kuwa ina so a san abin da ta yi a kan tudun da ke bayan gidan su Ok Ducheol.

Ducheol mai nutso ne a da, cikin masu sauka ƙasan teku da tiyon iska a baki suna tono manyan kumba. Wata rana injin iska ya mutu yana can ƙasa, aka jawo shi sama da saurin da jini ba ya jurewa. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Da aka dawo da shi gida sai ya juya fuska ga bango ya daina cin abinci. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, takan dama kunun shinkafa ta ajiye, ya huce, ta ɗauke. Mun fara magana a kansa ƙasa-ƙasa, yadda ake maganar wanda ya kusa.

Sai wani ɗan'uwansa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga birni, da wani wasa a ciki, irin wanda mutane daga garuruwa daban-daban ke haɗuwa ta intanet su yi yaƙi da dodanni. A cikin wasan Ducheol yana da ƙafafu. Yakan bar hanya ya yi ta gudu a fili ba gaira ba dalili. Ya shiga wata ƙungiya ta mutum goma, ya zama mai maganinsu, wanda ke tsayawa a baya yana tayar da duk wanda aka kayar. Suna magana da juna ta abin sawa a kunne, suna ce masa Kawu, don duk ya girme su. Bai gaya musu komai game da ƙafafunsa ba. Kuma ya fara ci, don zama a jingine ma sai da ƙarfi.

Matsalar ita ce wasan yana cijewa. Ana tsakiyar yaƙi sai hoton ya tsaya cak kamar an riƙe numfashi, ya ɗan motsa, ya sake tsayawa, sannan ya zabura gaba, Ducheol ya tarar da mutanensa tara duk a kwance.

"Kawu, bayan gida ka tafi ne?"

"Kawu ya sake mutuwa a tsaye! A kawo masa kujera!"

Yakan yi dariya tare da su, sannan ya cire abin kunnen. A irin wannan rana kwanon abinci a cike yake komawa.

Tsohuwar ce ta je ta kira Bokhui. Da Bokhui ta shiga ɗakin ba ta ma ga kwamfutar ba, sai wani tudu a ƙasa ƙarƙashin bargon auduga, a daidai inda ɗumin wutar da ake hurawa a ƙarƙashin ɗaki ya fi bugun daɓen.

"Inna, wa ya lulluɓe ta haka?"

"Ni mana. Wurin da ya fi ɗumi na ba ta, kada iskar teku ta shige ta."

"Inna, ba jaririya ba ce. Zazzaɓi kika sa mata."

Ta ɗaga ta ta ɗora a kan teburin cin abinci, ta buɗe cikinta, ta ciro ƙura da zaren bargo da suka shaƙe fankar har ta kasa juyawa. Ta ja waya daga akwatin intanet kai tsaye zuwa kwamfutar. Ta kashe duk tarkacen da ke aiki a ɓoye suna cin ƙarfinta. Sannan ta shiga cikin wasan kansa ta fara rage masa kaya. Ta kashe inuwa. Ta kashe ciyawa. Ta kashe walƙiyar ruwa da hayaƙin wuta da ganyen da ke faɗowa. Na tsaya a ƙofa ina kallo, wata irin duniya ta fito, ƙasa a aske, itatuwa kamar sanduna, mutane na yawo ba inuwa a bayansu. Har yau nakan yi mafarkin wurin.

"Ya yi muni, ko?" in ji ta.

"Yaya, ni ba kallon furanni na zo ba," in ji Ducheol. "Gudu na zo yi."

Wasan ya yi sauƙi sosai, amma bai warke ba. Wani lokaci ya tafi sumul, wani lokaci ya koma cijewa fiye da da. Bokhui ta sauya waya, ta ƙara wa kwamfutar kayan ciki da ta ciro daga wata da ta mutu, duk a banza. Ana haka shugaban ƙungiyar, wani direban motar haya a birnin Daegu da suke kira Kyaftin, ya yi masa magana ba wasa a muryarsa.

"Kawu, kada ka ji haushi. Yara sun gaji. Ranar Asabar da yamma akwai babban yaƙi. In ka sake daskarewa, dole mu nemi wani mai magani."

Ducheol ya ce ya ji. Daga ranar ya koma kallon bango.

A tsakiyar makon Bokhui tana wucewa ta katangar bakin teku, iska na yankan fuska, sai ta ga tsohuwar a zaune a kan dutse, ta dunƙule cikin rigar sanyi, leɓenta ya yi shuɗi.

"Inna! Me kike yi a nan cikin wannan sanyi?"

"Rabu da ni, Maman Yeonju. Yana wasa ne."

"To sai me?"

"Ni ce. Na lura tuntuni. Duk ran da na tafi tonon kumba a laka, in na dawo sai in same shi yana dariya. In ina gida kuwa abin sai ya yi ta tsayawa. Injin ba ya so na. Haka na zo duniya, uban ya tafi, ɗan ya kwanta. Gara in zauna a nan ya yi gudunsa."

"Tun yaushe kike wannan zaman?"

Tsohuwar ta ƙara jan rigar sanyinta.

Bokhui ta gaya mini ta buɗe baki za ta yi mata faɗa, sai idonta ya faɗa kan ruwa, ya cika maƙil yana dukan katanga. Tsohuwa ba ta fita laka sai ruwa ya janye. Ba ta zama a gida sai ruwa ya cika. Intanet ɗin tsibirinmu kuwa ba ta waya yake zuwa ba, ta iska yake tsallako teku, wata eriya mai kamar faranti a kan tudu take cafke shi ta rarraba wa gidaje. Ta kama hannun tsohuwar ta kai ta gida. Suka tarar da wasan yana cijewa, alhali tun ɗazu tana waje.

"Kin gani, Inna? Ba ke ba ce. Teku ne."

Bokhui ta buga wa kamfanin intanet ɗin waya. Wani matashi mai ladabi ya ce haka ne, abu ne sananne. Saƙon yakan zo ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya ya bugi fuskar ruwa ya tashi, kuma in ruwa ya kai wani tsayi sai su biyun su yi karo a bakin eriyar su kashe juna. Maganinsa eriya ta biyu a sama da ta farko. Ya ce zai rubuta, amma kada ya yi mata ƙarya, tsibirin tsofaffi ne kaɗan, ba ya jin za a kawo.

"In na ɗaga wannan ɗin fa, idan ruwa ya cika?"

Ya ce, "Mama, in kin ɗaga ta kamar kamu ɗaya za ta yi. Amma da ruwa ya sauka sai kin sauke ta. Wa zai iya wannan kullum?"

Ta kwance ƙarfen da ya riƙe eriyar, ta sa mata igiya da ƙugiyar jan angar jirgi, yadda za ta hau ta sauka a jikin sandar ba tare da ta kauce wa saitinta ba. Ranar Asabar ta hau tudun da rediyon oba-oba a hannu, ta bar ɗaya a gefen katifar Ducheol. Ƙanƙara na sauka a karkace. Shi yana yaƙi, ita tana tsaye.

"Yaya, ya fara!"

Ta ja igiya.

"Ƙara kaɗan. Ƙara. Tsaya nan! Kada ki motsa!"

"Ina zan motsa, ɗan banza, yatsuna sun manne."

Ba su ma ci yaƙin ba. Amma duk wanda ya faɗi, Kawu ya tashe shi, har ƙarshe. Kyaftin ya ce, "Kawu, sabuwar kwamfuta ka saya?" Ducheol ya ce e. Da yamman nan ya ci kwano biyu da miyar ciyawar teku.

Ba Asabar ɗaya ba ce. Ruwa ba ya hutu, kuma kowace rana lokacinsa dabam. Shekaru ta yi tana rufe shago da rediyon wani a buɗe a kan tebur, ta hau tudun nan, a damina da laima, a sanyi da buhu a kafaɗa. Masunta sun yi ta gunaguni. Wani ya ce mata a gaban mutane, "Mace mai jika, kina hawan dutse don gurgu ya kashe dodon ƙarya?" Ta ce, "Kai ma kifin da kake ba da labari a mashaya na ƙarya ne, kuma ba mu hana ka ba."

Bokhui, ke ce kika tsaya a can ba ki taɓa ganin yaƙin ba ko sau ɗaya. Ba ki san sunan dodon ba. Abin da kike ji kawai muryar mutum a rediyo yana cewa ƙara, rage, kamar yadda masu riƙe tiyo a jirgi ke sauraron wanda ke ƙasa. Ke ce kika cire wa tsohuwa abin da ta ɗora wa kanta, ta koma zama a ɗakinta. Mutum tara a garuruwa masu nisa sun yi ta cin nasara da hannunki, ba su san akwai ki a duniya ba.

A sanyin da ya wuce ta zame a kan ƙanƙara tana saukowa. Ƙashin ƙugunta ya karye. Sai da aka ga shago a rufe har azahar sannan aka je nema. Likitocin birni sun ɗaura, amma sun ce ita da tudu har abada.

Wasan ya koma cijewa. A karo na uku da mutanensa suka mutu a gabansa, Ducheol bai jira a kore shi ba. Ya gaya musu komai, teku da tiyo da ƙafafu, da eriya, da matar da ke kwance a asibiti. Ya ce su nemi wani. Sai Kyaftin ya ce, "Kawu, kai mugun maƙaryaci ne. To yaushe ruwan naku yake janyewa?"

Yanzu a lokacin janyewar ruwan Dolmido suke haɗuwa su yi wasan, mutanen da ba su taɓa taka lakarmu ba. Kada in ƙawata labarin. Huɗu sun bar ƙungiyar, don ba kowa ke iya bin teku ba. Waɗanda suka rage ba sa isa manyan yaƙe-yaƙe. Akwai makonnin da ruwa ke janyewa a lokacin da kowa ke wurin aiki, Ducheol ya shiga ya tarar ba kowa, ya yi ta gudu shi kaɗai a filin nan mara ciyawa, ya kashe. A waɗannan makonnin cinsa kaɗan ne, tsohuwa kuma ƙarfinta ya ƙare.

Jiya aka tura Bokhui a keken guragu zuwa gidansu don sallama. Suka dubi juna, shi a katifa, ita a keke.

"Kin kwaikwaye ni ke nan, Yaya."

"Rufe min baki. Na ji an ce ka fara barin abinci."

"Wa zai riƙe min igiya?"

"Ka ci tukuna, ka ga ko ba za a samu ba." Ta juya ga tsohuwar. "Inna, in na ji kin koma kan katangar nan, da wannan keken zan dawo."

Mun gode, Maeng Bokhui. Tsibirin nan ba shi da lambar yabo da zai rataya miki, kuma na san da an ba ki da kin kwance bayanta ki ga abin da ke ciki. Ki je ki huta, ki bar yatsunki su ji ɗumi.

Ku kuma da kuka rage da ƙafafu biyu a Dolmido, aikin ba ya son ilimi. Bokhui ta shafa jan fenti a jikin sandar, sama da ƙasa, inda za a tsayar. Ni na gwada, gwiwoyina sun ajiye ni a rabin hanya. Asabar mai zuwa ruwa zai cika da yamma, kuma Kyaftin ya ce in an samu mai hawa, zai kira huɗun nan su dawo. Hanyar tudun ta bayan gidan su Ducheol take. Ku tafi da safar hannu.