Haɗiye-Rana a Shingen Jandarma

Jama'a, yau makamin da na ƙera da hannuna ya tsayar da hanyar Gazawa cak!

Ɗiyata Hadiza ce ta nace in yi mata Haɗiye-Rana, makamin nan na zanen yara a tele, mai shanye rana duniya ta tashi. Ni kau duk Gazawa wa ya kai ni walda? Kwana ukku ina haɗa bututun hayaƙin moto da gwangwani. Na ɗaure shi bayan moto, na nufi gida Gangara.

Ga zaɓe ya matso, bincike ko'ina. Sai shingen jandarma! Babbansu ya daka tsawa:

"Tsaya! Mi ne ne wannan?"

Mutane suka watse! Mai ƙosai ta bar kaskonta! Na ce shi ke nan, yau gidan kaso zan kwana.

Na ce, "Shef, wasan yara ne. Haɗiye-Rana ne, wanda sarkin aljanu ya binne ƙarƙashin teku."

Ya zagaye shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa. Ni kau har na fara hura hanci.

Sai ya ce, "Wuce, baba. Kullum da yarana nike kallonshi. Na gasken baki ukku gare shi. Wannan naka ko kaza ba ya kora."