Tumatirin da Na Kai Ƙara

Ko da zan manta ranar da na kama aiki, ba na jin zan manta ranar da aka kawo lefen ƙanwata a gidanmu na haya da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Shekaru sun ja, ƙanwar tawa 'ya'yanta uku yanzu, amma har yau in na ga yankakken tumatir a shanye sai in ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa. Kuma abin ba a ranar ya faro ba, tun ƙarshen sanyin shekarar na shuka shi da hannuna.

Ni dai Allah bai haɗa jinina da sanyi ba. Farkonsa ina iya haƙuri, tunda kowa na ɗokin fito da rigar sanyinsa. Amma wannan jelar tasa ta ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, wadda ke zama kamar baƙon da ya ci ya sha ya kuma nemi filo, ita ce ke cin raina. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, yara mura, manya tari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, in ina aikin safe sai na fito a lokacin da ruwan famfo ke cizo. Ka shiga adaidaita sahu ka tarar direba ya ɗora hula biyu, ya zura safar ƙafa a hannu, kuma daga warin man zafin da ke tashi a jikinsa ka san shi da wanka sun yi sallama tun Juma'ar da ta wuce. Ba zagin kowa nake ba, ni ma akwai ranakun da alwala ce kawai ta tsaya min.

Gidan namu sashe biyu ne a ƙasa, sai bene da mai gidan ya fara bai ƙarasa ba, ya bar filin siminti fetal a sama. Ni da ƙanwata muna sashe ɗaya, ni ke riƙon ta tun rasuwar mahaifiyarmu. Ɗaya sashen kuma wata dattijuwa ce 'yar Filato, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa ya kama gabansa. Duk layin Madam ake ce mata, ita kuma ta ce min Sista. In ta dawo daga Kirsimeti a garinsu, da buhun dankalinta, aikinta na farko shi ne yi wa Kanawa dariya.

Wata safiya ta gan ni a tsakar gida cikin rigar sanyi da mayafi biyu, ina tsine wa watan. Ita kuwa 'yar shimi ce a jikinta da zani, tana shara.

"Sista, wannan ne sanyi? A garinmu wannan iskar shan shayi ce a waje."

"Madam, don Allah ki nuna min abu ɗaya mai amfani a wannan lokacin. Guda ɗaya tak."

Ta jingine tsintsiya. "Yaushe rabon sauro ya cije ki? Tuwon da kika kwana da shi jiya ya lalace? Tun shekaranjiya aka ɗauke wuta, kin ji wani yaro ya yi kukan zafi a layin nan? Je ki kasuwar Tarauni ki ga karas da kabeji da latas, tumatir kuwa har roƙon ki ake ki ɗauka."

Na ce mata wanda ba shi da aikin safe ai dole ya yabi sanyi. Na wuce ina ƙunƙuni.

Abin da ya fi ba ni haushi da ita shi ne shanya. Da zarar tumatir ya yi arha sai ta sauke kwanduna, ta zauna da wuƙa ta yi ta yanka, ta hau saman benen nan da gwiwarta mai ciwo ta baza shi a kan buhuna. Sai ta lulluɓe shi da tsohon gidan sauronta saboda tsuntsaye, wai ai shi ma hutu yake, gara a ba shi aiki. Haka tattasai, haka kuɓewa. In ya bushe ya zama kauɗa ta ɗure a buhu. Ta taɓa ce min, "Iskar nan ma'aikaciya ce, Sista. Ba ta karɓar albashi, ba ta kuma zuwa yajin aiki." Na san da wa take, don a satin muka dawo daga namu yajin.

A shekarar ne na sayi firiza, irin mai buɗewa ta sama, kuma wallahi kaina ya fi firizar girma. Ni ma na sauke kwando biyu, amma ni 'yar zamani, markaɗe na kai, na dafa, na zuba a robobi na jera. Ina kallon Madam tana hawa tana sauka ina jin tausayin rashin wayewarta.

Sai wata Asabar abokan aikina uku suka kawo min ziyara. Muna tsakar gida ɗaya daga cikinsu, wadda dama ba ma shiri sosai, ta ɗaga kai ta hango ja a bakin bene. Ta ce, "Au, ashe sana'ar kauɗa kuke a gidan nan? Ki ce mu riƙa yin oda." Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma a cikina wuta ce. Suna fita na kira mai gidan, wani Alhaji da ke zaune a Daurawa. Na ce masa shanyar Madam tana tara ƙuda, ƙuda na kawo cuta, na haɗa masa da Turancin asibiti mai kauri. Allah na gani, ko ƙuda ɗaya babu. Wane ƙuda ne zai fito a wannan sanyin? Amma Alhaji ba zai ɓata da mai auna masa hawan jini kyauta ba, washegari ya aiko a kwashe.

Ina daga taga ina kallo ta sauko da shi buhu-buhu, tana dafa bango. Bai gama bushewa ba, don haka cikin kwana biyu ya yi funfuna, ta zubar da shi gaba ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Da muka haɗu a bakin famfo cewa kawai ta yi, "Sista, ashe ƙuda na damun ki. Yi haƙuri." Daga nan ta koma ɗaukar kwandunanta a adaidaita zuwa gidan wata 'yar cocinsu a Ƙauyen Alu, can take shanyarta. Na ji ba daɗi na kwana ɗaya, sannan na manta.

Sanyi ya tafi, zafi ya sauka da ƙarfinsa, aka sa ranar auren ƙanwata da wani yaro ɗan Darmanawa. Yaron ba shi da matsala. Matsalar gwaggonsa ce, wata Hajiya da ba a ƙetare maganarta a danginsu. Labari ya iso mana cewa ta ce yarinyar da ma'aikaciyar asibiti ta raina me ta sani ban da taliyar leda da miyar tumatirin gwangwani, kuma ita sai ta ga kamun ludayin gidan kafin ta saki jiki. Ƙanwata ta sha kuka, don ta san in matar nan ta sa mata ido zaman gidan ba zai yi daɗi ba. Na ce ta share hawayenta. Hajiyar ce za ta jagoranci kawo lefe, ni kuma na rantse sai ta ci miyar da za ta lashe cokali. Ina da tumatir na gaske a firiza, a lokacin da ya fara wuya a gari.

Saura kwana goma sha biyu a kawo lefen, taransifomar layinmu ta ƙone. Kwanakin farko na riƙa sayen ƙanƙara ina zubawa, daga baya ita ma ta gagara samu. Wata ta ce min in dai ban buɗe ba sanyin zai riƙe, ni kuma da karatuna da komai na yarda, saboda abin da nake son ji ke nan. Da safiyar ranar lefen na ɗaga murfin firizar. Ba zan kwatanta muku warin ba, na yi aiki a ɗakin masu gyambo amma sai da na ja da baya. Robobin sun kumbura, wasu sun fashe, saman ya yi kumfa.

Na zari mayafi na nufi kasuwar Tarauni. Inda ake roƙon mutum ya ɗauka watanni uku baya, ranar abin da na tarar bai cika kwanon sha ba, rabinsa kuma ɗan'uwan na firizata ne. Na gwangwani kam ga shi nan jere har sama, yana kallona, wato dai zagin Hajiya a cikin gwangwani. Na dawo hannu rabbana. An yanka kaji, an wanke shinkafa, baƙi bayan la'asar. Ƙanwata ta dube ni idonta ya kawo ruwa, ta ce a hankali, "Yaya, Madam fa tana da kauɗa buhu biyu."

Tsakanin ƙofata da ta Madam taku goma ne, amma ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Na yi sallama. Tana zaune tana tsintar wake, gilashi a karan hanci.

"Sista, lafiya?"

"Madam, kauɗa nake so ki taimaka min da ita."

Ta dube ni ta saman gilashin. "Wacce? Ta ƙudan?"

Na sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na zayyana mata komai. Ta ture farantin wake ta miƙe. Kuma ba ba ni ta yi ta koma ta zauna ba, don ta san ban iya ba. Ita ta jiƙa ta a ruwan zafi, ta wanke sau uku, ta sa aka markaɗo da albasa mai yawa da busasshen tattasai, ta tsaya a kan tukunya tana soyawa har mai ya taso, ta jefa 'yar kanwa. Ni da na yi rantsuwa, yankan albasa aka ba ni. Miya ta fito ja mai duhu, ƙamshinta har bakin titi.

Baƙi suka zo, aka buɗe akwatuna, aka yi guɗa, aka sa albarka. Aka kawo abinci. Idona na kan Hajiya. Ta kai cokali ɗaya, ta tauna, ta kai na biyu, sai ta ajiye cokalin.

"Wannan miyar kauɗa ce."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce a raina shi ke nan, na kashe yarinyar nan.

"Rabona da irinta tun mahaifiyata na da rai. Ba ƙasa, ba tsami. Ba ta kasuwa ba ce wannan. Wa ya shanya?"

A nan ne ya kamata in zama mutuniyar kirki. Madam na tsaye a bakin ƙofa da tiren zoɓo, ina ganin ta. Na buɗe baki na ce, "Ni ce, Hajiya."

"Masha Allah. Kwana nawa kike ba ta?"

Ban sani ba. Kwana biyu ne, wata guda ne, oho. Na fara "E to, ya danganta," sai muryar Madam ta fito daga bakin ƙofa, a natse.

"Kwana shida take ba ta, Hajiya, in iska ta yi kyau. A saman benen nan. Ni dai nawa korar ƙuda."

Hajiya ta ce, "Ƙuda kuma a cikin sanyi?"

"Ai Sista ma'aikaciyar lafiya ce, tana ganin abin da mu ba ma gani."

Matan suka yi dariya ba tare da sun san abin da suke wa dariya ba. Ni na sani. Hajiya ta juya ga 'yan rakiyarta ta ce yarinyar da ta tashi a hannun macen da ta san amfanin ƙarshen sanyi ba za ta bar ɗansu da yunwa ba. Ta nemi ƙari, har ta sa aka zuba mata a kula ta tafi da shi.

Da suka watse na shiga wajen Madam, na durƙusa har ƙasa, abin da rabona da yi tun ina ɗaliba. Na ba ta haƙuri, na yi godiya, har da 'yar ƙwalla. Ta ce, "Tashi, Sista. Ajiye godiyar, sanyi na dawowa."

Ya kuwa dawo. Ƙarshen Janairu ina ƙudundune a bargo aka ce ana sallama. Adaidaita ce daga Darmanawa, da kwando biyu cike da tumatir, da saƙon Hajiya: a shanya mata irin na bara, tunda Allah ya haɗa ta da gwana. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, kwando biyu, jajaye.

Dole na kira Alhaji na ce masa batun shanyar nan a bar shi, ƙudan sun yi ƙaura. Ya ce, "Ikon Allah, ashe suna jin magana." Haka na hau saman benen nan da sassafe, yatsu sun ƙage, hanci na zuba, ina yanka ina bazawa. Madam na kan kujera da kofin shayi, ko rigar sanyi babu, tana duba aikina kamar na 'yan aji uku. "Ya yi kauri, Sista. Sake." Sai da hantsi ya dubi bayana na fara jin ɗumin ranar, mai laushi, wadda ba ta ƙuna, irin wadda ban taɓa sanin akwai ta ba saboda kullum ina cikin bargo ina zagi. Ban gaya wa Madam ba, don kar ta samu abin faɗa.

Madam ta koma Filato wajen 'ya'yanta tuntuni, ta bar min gidan sauron. Kwandunan Hajiya kuwa ba su fasa zuwa ba ko shekara ɗaya, kuma har yau ban iya gaya mata gaskiya ba. Abin da na koya shi ne kowane lokaci da abin da ya zo da shi a hannu, kuma wanda ya tsaya zagin sanyi, in zafi ya zo zai je roƙon miya a ƙofar wanda ya yi shanya. Har gobe ba na son ƙarshen sanyi, dunduniyata na nan na fasowa duk shekara. Na dai daina kai shi ƙara.