Ƙarar da Na Ce Na Ji a Hanyar Guci

Magariya zuwa Dungas

Mun bar Magariya bayan asuba, taurari ba su gama ɓacewa ba. Mu huɗu ne: Baba Alhaji, mahaifin maigidana, da Habu ƙanin maigidan, da Isufu makanike, da ni. Na biyar ɗinmu inji ne, an naɗe shi da buhuna an ɗaure a bayan kamiyon kasuwa, babbar motar kaya.

Landirobar Baba ce ta mutu a Guci tun farkon damina, ita ce kuwa ke ciyar da gidanmu, Habu na jan ta kasuwa-kasuwa har Mallawa. Sabon inji ya fi ƙarfinmu. Isufu ya kawo shawarar a sayi wanda aka sake yi wa aiki a wani gareji a Damagaram, an fasa shi gaba ɗaya, an rarake cikinsa, an sa sababbin fistan. Baba ya sayar da shanun da fari ya rage masa, ya saya a kan maganar Isufu. Ni kuma lakwal ɗin da nake koyarwa na hutu, maigidan na Yamai, mahaifiyata na Guci, shi ya sa aka ce in bi su.

A bariyar jandarma, inda suke tare hanya, aka duba kardante, wato katin shaidarmu, aka ɗaga buhu aka leƙa.

"Sabo ne?" in ji jandarman.

"Tsoho ne ya yi wanka," in ji Habu.

Kowa ya yi dariya ban da Baba.

Gero ya fid da kai hagu da dama, goriba na tsaye jefi-jefi kamar mata masu jiran ayari. Mun isa Dungas da hantsi. Aka sayi ƙosai na dala biyu da fura. Na karɓi rabona na koma bayan kamiyo, don ba na ci a gaban Baba. Ban ma ci ba, ƙamshin man ya ishe ni. Wata na biyu ke nan ban ga al'ada ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Cikin fari ba abin faɗa ba ne.

Guci

Daga Dungas rairayi ne zalla. Sau biyu aka sauka aka tura, la'asar sakaliya muka shiga gari. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na yi haske, ba ta ƙara ba. Kwana biyu da na yi sai ta riƙa aje mini kunun tsamiya a bakin ƙofa.

Washegari na leƙa wurin aikin daga zaure. An tura Landiroba ƙarƙashin wata tsamiya, an rataya sarƙa a reshe, ƙarti na ja Isufu na ba da umarni. Tsohon injin ya taso a hankali, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai. Aka saukar da gyararren a gurbinsa. Isufu ya yini rigingine a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Masu kallo kuwa baki bai huta ba. Wani ya ce fenti kawai aka shafa wa tsohon ƙarfe aka sayar wa Alhaji. Baba na zaune a tabarma yana jan carbi, ya ji duk.

Gab da magariba injin ya tashi. Muryarsa sumul, kamar kyanwa ta ƙoshi. Isufu ya ce wa Habu sai an yi rodaji, wato a bi shi a hankali har ƙarafan su saba da juna.

Guci zuwa Dungas

Muka kamo hanya da sassafe. Baba na gaba kusa da Habu, ni ina bayansa, Isufu can ƙarshe yana dafe da tsohon injin da za a kai gida. Warin ƙonannen mai ya cika motar. Ba mu yi nisa ba zuciyata ta fara tashi. Na toshe hanci da mayafi, na yi ta kallon gajimare, na yi salati, ba abin da ya ragu. Yawu ya cika mini baki.

Tun da na shiga gidan ban taɓa wuce gaisuwa da Baba ba. Yaya zan ce a tsaya zan yi amai? Ko na ce zan zaga, ita ma kunya ce. Sai na ji bakina ya ce, "Habu, ban sani ba ko kunnena ne, kamar ina jin wata ƙara a injin."

Habu ya taka birki. Kafin kowa ya waiwayo na sauka na shige gonar gero, na durƙusa bayan wata sabara. Da na gama na binne da ƙasa, na goge fuska, na ji duniya ta dawo daidai.

Da na fito sai na tarar an buɗe gaban mota. Isufu ya ɗora bakin wani dogon ƙarfe a jikin injin, ɗaya bakin a kunnensa, yana matsawa daga nan zuwa can.

"Alhaji, lafiyarsa lau."

"Yarinyar nan," in ji Baba, "tun da aka kawo ta gidana ban taɓa jin ta buɗe baki a gabana ba. In ta ce ta ji, ta ji."

"Matarmu dai lissafi take koyarwa, ba inji ba," in ji Habu. Baba ya harare shi.

Isufu ya juyo wajena yana goge hannu. "Madam, wane iri ne? Kamar bugun guduma, ko kamar kukan gyare?"

A nan ne ya kamata in gyara. Sai na ce, "Kamar guduma, kaɗan-kaɗan."

Fuskarsa ta canza. Ashe wannan shi ne mafi muni.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce shanunsa ba su zama fenti ba. Ya ce da mun isa Dungas a sauke injin a mayar inda aka samo shi, kuma zai tsaya a tashar Magariya ya faɗa wa duk mai mota abin da Isufu ya yi masa. Isufu mutum ne mai iyali, da amincin masu motocin nan yake ci. Ya cire hularsa ya aje a kan taya, ya shimfiɗa buhu, ya jera ƙarafan aikinsa.

"Bari in buɗe a gabanka, Alhaji. In ka ga aibu, kada ka ƙara gaishe ni."

Ya fara kwance murfin injin, ga iska na ɗauko rairayi. Ƙarfen ya suɓuce, yatsansa ya fashe. Ya tsotse jinin ya ci gaba.

Na matsa nesa kaɗan da Baba, ta bayansa, na durƙusa, idona a ƙasa.

"Habu."

"Na'am, Madam."

"Ka ce wa Baba babu ƙara."

"Ya daina?"

"Da ma babu. Ni ce. Zuciyata ce ta tashi, na rasa yadda zan ce a tsaya."

"To fura ce ta shekaranjiya?"

"Ba fura ba ce. An kwana biyu haka take yi mini, da safe."

Ina jin ƴan tsuntsaye a cikin gero, ina jin zufa na bin bayana. Habu ya buɗe baki, na san abin da zai fito, sai Baba ya yi gyaran murya, Habu ya rufe bakinsa. Baba ya juya ya shiga gonar mutane, ya tsaya yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya shuka. Ya daɗe. Da ya dawo bai dubi inda nake ba, wajen Isufu ya nufa, ya ɗauki hular daga kan taya ya kaɗe ta ya miƙa masa.

"Isufu, na faɗa maka magana mai zafi. Ka yafe ni."

"Ba komi, Alhaji."

"Mayar da murfin. Ka ce irin wannan inji ba ya son wahala, ko?"

"Ba ya so."

"To, Habu, duk inda ka ga inuwa ka tsaya ya huta. Tsohon kuma a bar shi a Dungas, nauyi ya yi yawa."

Dungas zuwa gida

A Dungas aka sauke tsohon injin a gidan wani abokin Baba. Na sami Isufu yana wanke hannu da esansi, wato man fetur, na ce ya yi mini gafara.

"Na yafe, Madam. Amma don Allah wata rana ki ce gyare. Gyare ba ya kashe mutum."

Daga nan tafiyar ta zama ta tsaye-tsaye. Kowace kuka, kowane gawo, Habu sai ya tsaya ya ce, "Inji zai huta." Baba ya sauka ya nufi gabas, Isufu ya leƙa ƙarƙashin mota, ni in nufi yamma. Ba wanda ke komawa sai na koma. Wani mai jaki ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu, har ya tambaya ko a taimaka.

"Rodaji muke," in ji Baba.

Hanyar da muka yi da hantsi a zuwa, sai da rana ta yi ja muka ga rufin kwanon Magariya. A ƙofar gida na sauka na durƙusa na ce, "Baba, sannu da hanya." Ya ce, "Yauwa," yana kallon taya.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Inna, da mutanen Guci da suka ja sarƙa. Isufu kuwa, duk mai motar da ya karanta wannan ya sani aikinsa ba shi da aibu. Motar na zuwa Mallawa kowane mako, har yau ba ta yi ko tari ba.